'Yan Kunnen Selmer Mai Ƙararrawa

A garinmu Tangen, cikin gonakin alkama na Dakota ta Arewa, ba a jiran jarida kafin a san an yi mutuwa. Ƙararrawar coci ce ke faɗa. Ana buga ta a hankali, bugu ɗaya kan kowace shekara da mamacin ya yi a duniya, kowa kuma ya ajiye abin da ke hannunsa ya ƙirga. Kafin ƙarar ta gama lafawa, mata sun gane gidan da za a kai abinci, har sun kunna tanda. Haka muka taso muka tarar, kuma ba mu ga dalilin sauyawa ba.

Selmer Rustad ne ke jan igiyar tun yana saurayi, kuma a ganinsa igiyar da hannunsa tare aka halicce su. Bai taɓa zama wuri ya tashi bai yabi kunnensa ba.

"Kunnen nan nawa," in ji shi, "in ɓera ya shiga rumbun Palmer, daga kan gadona zan gaya maka da wace ƙafa ya fara takawa."

Yana faɗin haka ne talabijin ɗinsa na ihu har maƙwabta na sanin ko gobe za a yi ruwa ba tare da sun kunna nasu ba. Gaskiyar magana, rabin tsofaffin garin nan kurame ne, ɗaya rabin kuma suna kan hanya. Injin girbi ya cinye kunnuwan mazajenmu, ihun da muke yi musu ya cinye namu. Amma sauran in ba su ji ba sukan yi shiru. Selmer in bai ji ba, amsa yake bayarwa.

Abin ya fito fili ranar auren jikar Palmer Bakke, shugaban kwamitin coci. Aikin Selmer shi ne ya tsaya a gindin hasumiya, in ya ji an ce an ɗaura, ya ja. Fasto Lindahl ya tambayi amarya ko ta yarda, ta buɗe baki za ta amsa, sai ƙararrawa ta ɓarke. Har yau dangin ango na cewa ba wanda ya ji ta ce e.

Washegari matarsa Hilda ta sa shi a mota ta kai shi birni wurin likitar kunne. Aka saka shi cikin wani ɗan ɗaki, aka ba shi maɓalli, aka ce duk lokacin da ya ji ƙara ya danna. Selmer ya yi ta dannawa ba ƙaƙƙautawa. Da ya fito ya dubi Hilda yana murmushi.

"Kin gani ko? Har riga ƙarar nake yi."

Likitar ta yi musu bayani a hankali, tana kallon fuskarsa. Ta ce siraran muryoyi ne suka fara ɓace masa, irin na mata da yara, da kuma wasu haruffa, shi ya sa yake jin ana magana amma kalmomin na cakuɗe masa.

"Kin ji da kunnenki," ya ce wa Hilda. "Muryar mata ce ta lalace."

Aka ba shi na'urar ji guda biyu, ƙanana kamar ƙwayar wake, mai jan ɗigo ta dama, mai shuɗi ta hagu. Likitar ta ce da farko komai zai dame shi, sai ya daure ya riƙa sawa kullum har kansa ya saba. Selmer ya sa su sau ɗaya a gida. Ya ji firiji na gurnani, agogon bango na sara kamar gatari, haƙoransa na roba na ƙwaƙwas a kan biredi, ta hagun kuma na fito domin bai tura ta da kyau ba. Kafin ya gama karin kumallo ya cire su, ya mayar cikin akwatinsu.

"Ni ba zan tsufa da 'yan kunne ba," ya ce. "Ubana bai sa ba."

"Ubanka jirgin ƙasa ne ya ture masa keken doki yana ta busa," in ji Hilda.

"Ai kuwa, mutum ne mai ƙarfi."

Cikin makon nan Fasto Lindahl ya zo gidan. Mutum ne mai sanyin hali, amma ranar ya zauna daf da Selmer, ya buɗe baki sosai. Ya ce kwamiti zai zauna ran Lahadi. Wasu na son a sa injin lantarki wanda za a danna ya buga ƙararrawa da kansa. In Selmer na son igiyarsa, sai ya sa na'urar.

Wannan kam Selmer ya ji, domin ya tsura wa leɓen faston ido. Ya raka shi ƙofa, ya dawo ya tsaya tsakiyar ɗakin girki yana hura hanci.

"Kafin Lahadi sai garin nan ya ba ni haƙuri. Zan shiga cikin mutane da kunnen da Allah ya ba ni, in yi hira da kowa. Wayar gidan nan kuma daga yau ni ke ɗauka. Duk saƙon da ya shigo garin nan ta kunnena zai bi."

"Allah ya tsare garin," in ji Hilda, ta ci gaba da feren dankali.

Dabararsa ita ce ya riga kowa magana, ya yi ta da ƙarfi, in an amsa ya kalli baki ya gyaɗa kai. Da ita ya shiga shagon gahawar Verna da safe, inda tsofaffin manoma ke zama su yi wa gwamnati gyara. Verna gwauruwa ce, bakinta kuma ba ya riƙe abu ya kwana.

"Palmer," ya ce tun daga ƙofa, "tambaye ni duk abin da kake so. Yi ƙasa da murya ma in ka ga dama."

Palmer ya ɗaga kofi ya rufe bakinsa da shi. "To, yaya matarka?"

"Motata? Bar ta kawai. Ta tsufa. Da safe sai na tura ta kafin ta tashi, ga tari, ga hayaƙi. In na sami mai so, ko kyauta ne zan ba shi in huta."

Wani a teburin ya shaƙe da gahawa. Verna ta matso da buta a hannu.

"In ƙara?"

"Ƙarya? Je ki gani da idonki. Tana can cikin rumfa, na lulluɓe ta da tsohon bargo."

Da ya fito ana ta dariya har da buga tebur, Selmer ya ce a ransa ya yi nasara, ai mutane ba sa dariya haka sai hira ta yi daɗi. Labarin ya riga shi isa gida. Da suka zauna cin abincin rana Hilda ta tura masa faranti.

"An ce kyauta za ka bayar da ni."

"E, gishirin ya yi daidai," ya ce.

Saura waya. Matsalarta ita ce ba ta da leɓe, kuma ba ya jin kukanta. Amma ya lura cewa duk lokacin da ta yi ƙara, kyanwar gidan na zabura daga kan kujera. Don haka ya ja kujerarsa kusa da wayar, ya zauna yana gadin kyanwa. Ranar farko ya ɗauki wayar sau da dama bai sami kowa ba, domin kyanwa tana da wasu dalilan zabura.

Ran Asabar da safe Hilda ta tafi garin da ke gaba gyaran gashi. Ba ta daɗe da fita ba kyanwa ta yi tsalle. Selmer ya cafke wayar.

Gudrun ce, ƙanwar Orlin Moen. Orlin abokin Selmer ne tun suna yara, abokin gardamarsa kuma, yana kwance a asibitin birni an yi masa aikin ƙugu. Abin da Gudrun ta ce shi ne an sallami Orlin, ya taso, za su iso da rana, likita ya ce yanzu sai ya huta, a roƙi Hilda ta je ta kunna masa abin ɗumama gida.

"Ya me?" in ji Selmer.

"Ya taso."

"Yaushe?"

"Yanzu da safen nan. Sai hutu kuma."

"Haka ne, ya huta," in ji Selmer. "Bar mini sauran, Gudrun. Na san aikina."

Ya ajiye wayar, ya ɗan zauna. Ya ji zafin abin, domin ba shi da sauran wanda zai yi wa musu a kan shekarar da aka yi babbar ƙanƙara. Amma bai kai ga share ido ba wani tunani ya shigo. Saƙon mutuwa ya zo, shi ya karɓa da kunnensa, ba Hilda, ba fasto, ba 'yan kunne. Gobe kwamiti sai su nemi abin faɗa. Ya sa baƙar rigarsa ya nufi coci.

To, akwai abu ɗaya. Orlin, wanda matarsa ta rasu tuntuni, ya daɗe yana neman Verna, kuma tun da ya fara nemanta shekarunsa suka tsaya cak a saba'in da tara. Garin ya ji ya ji har ya yarda. Selmer ne kaɗai ya san gaskiya, domin aji ɗaya suka zauna, benci ɗaya. Ya tofa yawu a tafinsa ya kama igiya.

"A raye ka yi ƙarya, Orlin," ya ce. "A mace sai gaskiya."

Ya buga masa tamanin da huɗu cif.

Gari ya tsaya yana ƙirge. Da aka wuce saba'in, rabinmu suka sauke numfashi. Da aka wuce tamanin, sunaye suka ragu. Da ta tsaya, kowa ya duba cikin kansa, mutum ɗaya ne a Tangen aka sani da tamanin da huɗu, wato Selmer, domin shi da bakinsa yake shelarta a ko'ina. Ba wanda ya tambayi wa ya ja igiyar. Palmer ya ɗauka fasto ne. Fasto yana wata gona ziyara, ya ɗauka Palmer ne. Mu mutane ne masu saurin kunna tanda, tambaya sai daga baya.

Selmer bai san komai ba. Daga coci ya bi ta bayan gari zuwa gidan Orlin don ya tarbi masu zuwa gaisuwa. Ya sauke tutar ƙofar gidan zuwa rabin sanda. Ya shiga ya tarar an bar abin ɗumama gida a kunne kaɗan, ya kashe shi gaba ɗaya, tunda mamaci ba ya jin sanyi. Ya zauna a baranda ya haɗe hannu yana jira. Rana ta yi sama, ko kare bai zo ba.

"Garin nan ya lalace," ya ce. "Mutum ya mutu, ko langa ɗaya."

Ya tashi cikin fushi ya nufi gida ta lungu. Da ya ɓullo sai ya ga motoci jere a ƙofarsa har bakin titi. Ya tsaya, ya gyara wuyan riga. Ashe sun san wa ya fi kusa da mamacin. Ashe nan suka kawo gaisuwar.

Ya shiga ta ƙofar baya. Ɗakin girki cike da mata, tebur ya cika da langogin dankali da niƙaƙƙen nama, wasu a kan firiji, wasu a kan injin wanki. Hilda na zaune a tsakiya da sabon gyaran gashinta, fuskarta ta yi fari fat, jakarta a cinya ba ta ko ajiye ba. Ta dawo ne ta tarar da gidanta haka, ta tambayi ina yake, wa ya gan shi, ba wanda ya iya ba ta amsa. Fasto na riƙe da hannunta, Palmer na tsaye da hula a ƙirji.

Cokali ya faɗi daga hannun Verna.

"Selmer, kai ne?"

"Ni ne na buga, da hannuna."

"Ai cewa aka yi ka mutu."

"Da safen nan. Ni aka fara gaya wa." Ya dubi Palmer. "A waya, Palmer. Ka ji ko? A waya."

Fasto ya buɗe baki, Hilda ta ɗaga hannu. Jini ya dawo fuskarta, ya dawo da yawa.

"Ku bar shi ya gama."

Selmer ya ga kowa ya zuba masa ido, ya gane jawabi ake jira. Ya dafa kujera ya yi gyaran murya.

"Ba a faɗin aibin mamaci, amma ni na san shi fiye da kowa. Mutum ne mai taurin kai. Ba ya jin magana ko kaɗan."

"Wannan gaskiya ne," in ji Palmer.

"Ga cika baki. Abin da bai iya ba, shi yake fi tutiya da shi. Duk garin nan an san halinsa, ana yi masa dariya a bayan ido, shi kaɗai ne bai sani ba."

"Amin," in ji wata daga bayan firiji.

"Matarsa kuwa, baiwar Allah, ita ta sha wahala. Yadda ta zauna da shi shekara da shekaru ba ta kwaɗa masa kasko ba, ni har yau mamaki nake."

"Ci gaba," in ji Hilda. "Yau kana magana."

Bai ci gaba ba, domin ƙofar gaba ta buɗe. Gudrun ce ta shigo tana share hawaye, bayanta kuma wani dogon tsoho na dogara sanda biyu, da zaren asibiti a wuyan hannunsa. A gidan mai aka tare su da labarin, Orlin ya ce ba zai je gida ba sai ya yi wa Hilda gaisuwa.

Tsofaffin biyu suka tsaya suna kallon juna. Selmer ya ja da baya har ya zauna cikin langar da aka ajiye a kan kujera.

"Ai ka rasu," ya ce.

"Kai aka ce ka rasu. Na yi maka kuka tun daga gidan mai, ka biya ni hawayena."

"Gudrun ce ta ce ka rasu."

Gudrun ta zo daf da kunnensa. "Ya taso na ce. Ya ta-so."

"To me ya hana ki faɗa tun farko?"

Orlin ya juya ga jama'a. "Tsaya tukuna. In ni ya buga wa, me ya kawo abincin nan gidansa? Nawa ya buga?"

"Tamanin da huɗu," in ji Palmer.

Verna ta ajiye tsumman da ke hannunta, ta zagayo tebur a hankali.

"Orlin. Saba'in da tara ka ce mini."

"Kurma ne, Verna, bai iya ƙirga ba."

"Kunne ne ya mutu, ba lissafi ba," in ji Hilda. "Benci ɗaya suka zauna."

Verna ta ɗauki langarta ta rungume. Orlin ya nuna Selmer da sanda. "Da ka bar ni na mutu da gaske, da ya fi mini sauƙi. Ka kashe ni, ka tona ni, duk kafin azahar."

"Ba komai, ai aikina ne," in ji Selmer.

Hilda ta tashi. Ta shiga ɗaki ta fito da ɗan akwatin, ta kama kunnen mijinta na dama kamar na ɗan maraƙi, ta tura mai jan ɗigo, ta juya kansa ta tura mai shuɗi, ta danna har fiton ya tsaya. Selmer ya zare ido. Ɗakin ya faɗo masa a kai lokaci ɗaya. Ya ji mata na rarraba murfin langa, ya ji wata na raɗa cewa ita dama ba ta sa nama da yawa ba tunda Selmer ne, ya ji miya na ɗiga daga wandonsa zuwa ƙasa.

"Kana ji na?" Hilda ta tambaya a hankali.

"Ba sai kin yi ihu ba."

"To ji. Na zauna a kujerar nan ina gwauruwa, da sabon gashi, saboda kai. Ka sake cire su, ni zan ja igiyar da kaina, kuma ba kuskure za a yi ba."

Palmer ya ce tunda 'yan kwamiti duk suna nan, ba sai an jira gobe ba. Aka yanke a tsaye, tsakanin firiji da tebur. Ba za a sa injin lantarki ba, domin Orlin ya ce injin ba shi da wuyan da mutum zai shaƙe in ya yi laifi. Amma igiya ta koma hannun Palmer har sai likita ta shaida Selmer na sa na'urarsa kullum. Selmer ya ji kowace kalma, abin da ya fi ƙona shi ke nan. Mata suka kwashe abincin zuwa gidan Orlin, suka tarar da tuta a rabin sanda, gida kuma kamar cikin firiji.

Ran Lahadi da safe Selmer ya tsaya a farfajiyar coci, karon farko a rayuwarsa a waje lokacin kiran ibada. Ya ja hula ta rufe kunnuwansa, Hilda ta ɗaga ta. Mutane na wucewa suna yi masa barka da dawowa, yana jin su sarai.

Palmer ya ja igiya. Abin da ya fito daga hasumiya ya yi kama da tsohon bokiti da aka jefa rijiya. Selmer ya zabura, ya kama hannun matarsa.

"Kin ji? Ya fasa ta. Ja ɗaya aka ba shi, ya fasa ƙararrawar da na raina kamar 'yar cikina. Ina fasto? Ina kwamiti?"

"Rufa wa kanka asiri," in ji Hilda. "Haka take tun bikin cikar gari shekara ɗari, ranar da ka rantse sai an ji ta a Kanada."

Selmer ya saki baki. Bokitin ya sake faɗawa rijiya.

"Duk shekarun nan? Kuma aka rasa mai gaya mini?"

"Kowa ya gaya maka, Selmer. Fasto ya gaya maka, Palmer ya gaya maka, ni na gaya maka har na gaji."

"Me na ce?"

"Cewa ka yi ka gode, baiwa ce."